Musayar waƙa: daga ina "chav" ta fito?

Ɗan Fagge:
Malamai, na zo da tambaya,
Kan wani zagi na Birtaniya,
"Chav" suke ce wa ɗan talaka,
Mai hular Burberry, sarƙa a wuya.
Ina tushenta? Ku ba ni gaskiya.

Baban Inna:
Ƙanena, ga abin da ake ta faɗi:
Haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu ne aka jera a layi,
"Mai zaman gidan gwamnati, mai tada hankali."
Wasu ko sun ce Chatham ce asali,
Can cikin Kent, wani tsohon gari.

Malama Uwar Marayu:
Gafara dai Yaya, zancen haruffa ƙage ne,
Sai da zagi ya bazu aka liƙa masa, daga baya ne.
Masana harshe sun bi sawu, na Romani ne,
Masu yawon nan, tushensu can Indiya ne.
"Chavi" a bakinsu yaro ne, ɗa ne,
Kiran uwa ga ɗanta, na ƙauna ne.
A Newcastle "charva" suke cewa, dangi ne,
"Chaval" na Sifaniya ma ɗan ɗakinsu ne.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah! To Malama, ya aka yi
Sunan yaro ya koma abin ƙi?

Malama Uwar Marayu:
A 2004 ta cika jaridu da talabijin,
Ana dariyar tufarsu da lafazin,
Ana nuna uwa matashiya da goyo,
A ce ga malalata, ga masu cin tallafin.
Abin da ke ci mini rai, ɗana,
Ba a tambayi wa ya rufe ma'aikatun ba,
Ramukan kwal da iyayensu ke shiga,
Zamanin Firaminista Thatcher aka dinga toshe su.
Uba ya rasa aiki, gari ya mutu,
Sannan a zagi ɗan da ya tashi a kangon.

Baban Inna:
Owen Jones ya yi littafi a kai,
A 2011, ya ce raini ne tsagwaronsa,
Mai hali ke yi wa marar hali.
Sai dai Malama, a bar ni in ƙara:
Wasu na cewa hali suke zagi,
Na mai tare hanya da tsokanar mutane.

Malama Uwar Marayu:
In hali ne Yaya, a kira shi da sunansa,
Ɗan mai kuɗi ma na tare hanya da motarsa,
Ban ji an ce masa "chav" ba don rigarsa.
A Sikotland "ned" ne, a Libaful "scally",
Kowane gari da nasa, kuma kan talakansa.