Neman shawara: kwamfutocin asibitinmu sun tsufa, maigida kuma ya ƙi ji

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce ke kula da fayil ɗin marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Kano. Kwamfutocinmu har yau Windows 7 ne, kuma lambar sirri ɗaya kowa ke shiga da ita, daga likita har mai karɓar kuɗi. Jiya wani imel ya shigo wai daga kamfanin inshora, da fayil a maƙale. Ban buɗe ba. Da na yi wa maigida magana sai ya ce bankuna ɓarayin intanet suke bi, me za su samu a wajenmu? Don Allah ta ina zan fara?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Madalla da ba ki buɗe ba. Haka aka durƙusar da hukumar lafiyar ƙasar Ayalan a 2021: ma'aikaci ɗaya ya buɗe fayil ɗin Excel, bayan 'yan makonni aka kulle musu komai, asibitoci suka koma biro da takarda. Ki fahimtar da maigida cewa garkuwa suke yi da bayanai su nemi fansa, don sun san asibiti ba ya iya jira. Windows 7 kuwa, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina toshe masa kafofin da ɓarayi ke shigowa ta nan. A 2017 wani harin neman fansa mai suna WannaCry ya sa an soke ganin likita kusan 19,000 a Ingila, alhali gyaran da zai toshe kafar ya fito wata biyu kafin harin, ba a dai saka ba.

Sista:
Injiniya, sauya kwamfuta ba nan take ba ne fa. Mu na'urar lab ɗinmu da tsohon Windows kaɗai take aiki. Sai muka cire ta daga intanet, muka hana kowa soka mata filash.

Injiniya:
Daidai ne, Sista. Amma kafin komai, a kwafe bayanan kullum a wani hadis (hard disk, wato ma'ajiyar bayanai) daban, a zare shi a kulle a durowa. Idan aka bar shi a jone, tare za a kulle su. A riƙa gwada buɗe shi kuma. Sannan kowa ya samu tasa lambar sirrin.

Barista:
Ƙanwata, ki ƙara masa da wannan: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72, kuma akwai tara.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Maganar tarar nan zai fi ji. Injiniya, hadis mai girman nawa zai ishe mu?