Ganyen attarugu da tumatir na cikin bokiti yana ta yin rawaya, a taimaka

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar shuka ku agaza mini. Muna zaune a sama ne a nan Agege, ba mu da tsakar gida, sai wata 'yar rufaffiyar baranda a bayan kicin. Tsadar kayan miya ce ta sa na nemo bokitan fenti na shuka attarugu da tumatir, na kuma watsa rama a wani tsohon baho. Ƙasar wani yaro ne ya ɗebo mini daga inda ake gini, ja ce mai danƙo, na gauraya ta da kashin kaji.

Da farko sun yi kyau har maigidan yana yabawa. Amma tun da damina ta kankama sai abu ya juya. Attarugun ganyensa na ƙasa ke yin rawaya yana zubewa, na saman kuma duk sun sunkuya ko da sassafe, kamar masu jin ƙishirwa, alhali kullum ina ba su ruwa safe da yamma. Idan na taɓa bokitin sai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje su tashi. Tumatir ɗin nasa daban ne: tsofaffin ganyen sun yi rawaya a tsakani, amma jijiyoyin ganyen suna nan kore shar. Ramar kuwa ganyenta ya cika da ɗigo-ɗigon fari ƙanana.

Maƙwabciyata ta ce yunwa ce, in zuba taki. Na sayo takin zamani na kamfa a leda, amma ban zuba ba tukuna. Raina a ɓace yake wallahi, domin attarugun ya fara fure.

Ɗan Kadawa, Mile 12

Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye kamfar nan tukuna, kada ki zuba ko ƙwaya ɗaya. Na yi noman rani a Kadawa shekaru masu yawa kafin in dawo Legas sayar da gwari, kuma abin da kika faɗa a kan attarugun nan ba yunwa ba ce. Ruwa ne ya yi masa yawa.

Mutane na ganin shuka ta yi yaushi sai su ɗauko buta. To shukar da saiwarta ta ruɓe ma yaushi take yi, domin saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ƙasa ta kwana ta wuni a jiƙe, iska ba ta shiga, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa, ta kasa jan ruwan da take zaune a cikinsa. Sai ganye ya sunkuya, ke kuma ki ƙara ruwa. Waɗannan ƙudajen da kika gani shaida ce: ba sa zama sai a ƙasa mai danshi kullum, a nan suke ƙwai, tsutsotsinsu kuma suna cin ƙananan saiwoyi.

Ki duba mini gindin bokitan. An huda su? Idan ba a huda ba, ki ɗora ƙusa a wuta ki yi ramuka da yawa, a ƙasa da kuma gefe kusa da gindi, sannan ki ɗora bokitin a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki zaɓi wanda ya fi jin jiki, ki kifa shi a hankali ki zaro shukar da ƙasarta. Saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙarfi. Ruɓaɓɓiya tana yin ruwan ƙasa, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa a yatsa, kuma za ki ji wari irin na kwata. Ki yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ki sake mata ƙasa.

Jar ƙasar nan ta wajen gini ba ta shuka ba ce ita kaɗai, tana riƙe ruwa tana kuma daskarewa. Ki samo baƙar ƙasa ta sama, ki haɗa da yashi mai tsakuwa da takin da ya riga ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Batun ban ruwa kuma, ki manta da safe da yamma. Wannan lissafin Kano ne a watan Afrilu. Legas a damina iskar kanta jiƙe take, bokiti na iya kwana uku bai bushe ba. Ki tsoma yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki ƙyale shi, in ya bushe ki ba shi sosai har ya fito ta ramukan.

Malam Agirik, Idi-Araba

Baba ya gama magana a kan attarugu, Allah ya ƙara girma. Ni a kan tumatir zan ɗan ƙara, da yake abin da na karanta ke nan a makaranta.

Hajiya, duk lokacin da ganye ya canza launi, abin da za ki fara tambaya shi ne: tsofaffin ganye ne suka fara ko sababbi? Akwai abincin da shuka ke iya kwasowa daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan ya yi mata ƙaranci, kamar nitirojin da fotasiyam da magniziyam. Shi ya sa rashinsu ke fara bayyana a ƙasa. Akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya zauna ke nan, kamar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, don haka rashinsu a toho yake fitowa. Idan tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗayansa har jijiya, nitirojin ne. Idan bakin ganyen ne ya ƙone kewaye, fotasiyam ne, ko kuma taki ya yi yawa. Naki da ya yi rawaya a tsakani jijiya na kore, a kan tsohon ganye, ya fi kama da ƙarancin magniziyam, kuma tumatir na cikin bokiti ya saba yin haka idan ya fara ɗaukar 'ya'ya.

Kamfar da kika sayo, in wadda ake rubuta 15-15-15 a buhunta ce, nitirojin da fosfaras da fotasiyam ne a ciki, ba za ta magance wannan ba. Hasali ma fotasiyam in ya yi yawa yana hana saiwa ɗaukar magniziyam. Ki je kemis ki nemi gishirin Epsom, shi ne mai ɗauke da magniziyam, ki narka cokali ɗaya na cin abinci a lita 4 na ruwa, ki fesa wa ganyen da yamma, ki maimaita bayan mako 2. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba lallai ya dawo kore ba, alamar sauƙi ita ce ciwon ya daina hawa sama.

Amma ki fara da abin da Baba ya ce, domin saiwar da ta shaƙe ba ta ɗaukar abinci ko da yana nan jibge a ƙasar. Sannan tumatir da attarugu sun fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.8 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Na faɗi haka ne saboda na san wani zai ce ki zuba toka. Toka tana da amfani, amma a ɗan bokiti tana saurin kashe tsamin ƙasa, sai ki wayi gari toho ya fara yin fari-fari don shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe.

Abu guda da zan roƙe ki: ki girgiza tumatir ɗin ki gani ko farin ƙuda zai tashi. Shi ke yaɗa cutar da ke sa toho ya naɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta daina tsawo. Wannan ba ta da magani, sai dai a tumɓuke a jefar nesa da sauran.

Hajiya Babba, Obalende

Ƙanwata, ramarki ƙwari ne, ba ƙasa ba. Ki juya ganyen ki duba bayansa, za ki ga wata siririyar saƙa kamar ta gizo-gizo. Ki sa farar takarda a ƙasa ki kaɗa ganyen, abin da ya zubo in kin zuba masa ido za ki ga yana tafiya. Tsotse ganye suke yi, kuma sun fi son shukar da ke ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba ya wanke ta. Ni wanke bayan ganyen nake yi da ruwa, sannan in daka ganyen darbejiya in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗan narka sabulun salo a ciki in fesa bayan la'asar. Ba sau ɗaya ake yi ba, ƙwansu na ƙyanƙyashewa, sai kin bi su mako-mako. Kuma ki wanke ramar sosai kafin ki dafa, darbejiya akwai ɗaci.

Wata shawara ta daban: ganyen rama in ya girma ya rabu yatsu-yatsu yana kama da na wiwi ga wanda bai san ta ba, kuma a Legas ba kowa ya san ta ba. Ni da na fara, sai da na yi kwaɗonta na kai wa matar mai gidanmu, na nuna mata shukar da furenta, don kada a yi mini mummunan zato.

Ba ki faɗa mana ba, rana tana shiga barandar kuwa? Rama da alayyahu suna haƙuri, amma tumatir da attarugu suna son rana ta awa 6 ko fiye.

Maman Ilham, Agege

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara arziki. Baba, na kifa bokitin kamar yadda ka ce. Rami ɗaya ne a gindinsa, shi ma laka ta toshe shi. Ƙasar ƙasan ta yi baƙi tana wari, kusan rabin saiwar ya saɓule a hannuna, amma ta sama tana nan fara. Na yanke, na sake ƙasa, na huda sauran bokitan duka. Malam, na girgiza tumatir ɗin, babu farin ƙuda, alhamdu lillahi. Hajiya, na ga saƙar a bayan ganyen ramar. Rana kuwa daga hantsi zuwa azahar take shigowa, sai in matsar da su bakin baranda. Yanzu furen da ke jikin wanda na sake wa ƙasa fa, in bar shi?

Ɗan Kadawa, Mile 12

Ki tsinke shi, 'yata. Na san da wuya, amma rabin saiwa ba za ta iya riƙon ganye da 'ya'ya a lokaci guda ba, zai sake wani furen in ya murmure. Ki ajiye shi a inuwa na 'yan kwanaki kafin ki mayar da shi rana. Sai kin ga sabon toho ya fito da ƙarfi sannan ki ba shi kamfa, ita ma rabin ƙaramin cokali, ki binne ta a gefen bokiti nesa da kara, ki bi ta da ruwa.