Sun kira ni kan bashin da ban ci ba, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Hajiya Mai Atamfa, Nima: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata ina shago wani yaro ya kira ni, wai ni na tsaya wa 'yar ƙanwata kan bashin sidi 400 da ta ci a wata manhajar waya. Ban tsaya mata ba, ban ma san ta ci ba. Kafin la'asar sun tura hotonta ga duk wanda ke cikin wayarta, har da uwar yaron da zai aure ta, an rubuta ɓarauniya a ƙasa. Kwana uku ke nan ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Bashi dai za mu biya. Amma lambata fa, wa ya ba su?

Mai Gyaran Waya, Circle: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Ita ta ba su ba tare da ta sani ba. Manhajar ba ta sakin kuɗi sai ka yarda ta shiga lambobinka da hotunanka da saƙonninka, kuma tana kwashe su nan take. Shi ya sa goge ta daga baya ba ya magani. Kusan kullum sai an kawo min waya a ce in cire, wani dattijo har hawaye ya yi a bencina. A Yunin 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji 97 marasa lasisi, a Yuli kuma EOCO, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi ta Ghana, ta kama sama da mutum 400 a nan Accra. Sai su sauya suna su dawo.

Maman Biyu, Mamobi: Ni ban taɓa cin bashin waya ba, sana'ar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, nake yi a bakin titi. A 2022 na wuni a layi da goyo don haɗa layina da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Yanzu 'yan damfara na kira na da cikakken sunana, har da na mahaifina, wanda ko maƙwabtana ba su sani ba. Ranar farko jikina ya yi sanyi.

Malamin Makaranta, Sabon Zango: Hajiya, doka muna da ita. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ba ki ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanki, da kai ƙara gaban Hukumar Kare Bayanai. Ni ma an taɓa kira na kan bashin wani tsohon ɗalibina, na rubuta wa kamfanin takarda na ambaci dokar, kiran ya tsaya bayan mako biyu.

Abin da ke damuna shi ne inda iska ta dosa. Turai ce ke da doka mafi tsauri tun 2018, da ita aka ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Amma a Nuwamban 2025 Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta kawo shawarar a sassauta ta. Ranar rantsar da Trump a Janairun 2025 kuwa, masu manyan kamfanonin fasaha, Zuckerberg na Meta da Bezos da Musk, suna kan dandamali kusa da iyalinsa. Maƙwabtanmu Najeriya sun ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024, daga baya kamfanin ya ce zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Mai iya yi wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 wannan magana, me zai ji daga gare mu?

Direban Tasi, Fadama: Malam, ai mun gani da idonmu. Twitter ta buɗe ofishinta na Afirka a Accra a Nuwamban 2022, cikin kwanaki Musk, sabon mai kamfanin, ya sallami kusan duka ma'aikatan, sai da suka fi shekara suna bin haƙƙinsu. Ni kuma manhajar da nake aiki da ita ta san inda nake kwana da masallacin da nake tsayawa, rana ɗaya ta rufe ni mako guda babu wanda zan tambaya dalili.

Mai Gyaran Waya, Circle: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma waɗanda suka ci mutuncin yarinyar nan ba Zuckerberg ba ne, yaranmu ne a wani ɗaki ana biyansu don su yi zagi. Hajiya, kada ku goge komai. Ku ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo shi.

Hajiya Mai Atamfa, Nima: Na gode ɗana, na sa ta adana. Jiya mun biya, 400 ta zama 620, yau da safe kuma sun sake kira wai da saura. Malam, don Allah in kana da hali ka biyo shago bayan sallar Juma'a ka rubuta mana irin takardar da ka rubuta. Da dare kuma ni da babanta za mu je gidan surukan, har yanzu ba su ɗaga wayarmu ba.