Phobie sociale: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Jama'ar Damagaram, ku zo mu yanke wannan magana. Likitoci suna da suna na Faransanci, phobie sociale ko anxiété sociale, ga halin wanda ke mutuwar tsoron a kalle shi a raina shi. Mu kuwa da an tambaye mu sai mu ce "kunya gare shi", mu wuce.

Kunya ba ta karɓu ba. Abin yabo ce a wurinmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, kuma ba wanda ya kai su asibiti. Abin da muke nema wa suna daban ne. Ɗan lise ne da ya haddace darasi tsaf, malam ya kira shi gaban allo, sai tafin hannu ya jiƙe, alli na rawa, murya ta shaƙe, zuciya na dukan uku-uku. Daga ranar ya koma bencin baya. A fada ma ba ya karɓar shayi, don kada a ga kofin yana kaɗawa a hannunsa. Da dare ya kwanta yana ta juya kalma ɗaya da ya faɗa da rana, yana cewa an yi masa dariya, alhali kowa ya manta.

Ba sabon abu ba ne. Pierre Janet, likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, ya yi bayaninsa tun 1903, kuma a 1980 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a matsayin ciwo mai zaman kansa. Yawanci yana somawa ne wajen balaga, kuma ba a kiransa ciwo sai ya ɗauki wata shida ko fiye yana hana mutum karatu, sana'a ko shiga mutane.

Wani ya ce "tsoron mutane". Ya yi faɗi. Wanda 'yan daba suka taɓa tarewa shi ma yana tsoron mutane. "Tsoron baki" ko "tsoron ido" kuwa, ku faɗa wa tsohuwa a Birni ko Zango, nan take za ta ɗauka kambun baka ake nufi, ta tura a karɓo rubutu. "Damuwa" kam ta gaji, komai mun ɗora mata.

Ni na tsaya kan ciwon tsarguwa.

Na san abin da za ku ce: ai mai laifi ne ke tsarguwa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To, nan ne ma ta dace. Mai wannan ciwo aljihunsa wayam, amma da an yi tari a ɗaki sai ya ji da shi ake. Hankalinsa duk ya koma kan kansa, yana gadin muryarsa da zufarsa, shi ya sa ba ya lura cewa jama'a na harkarsu. Kuma duk lokacin da ya guje wa taro, sauƙin da ya ji shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi. Maganin da ake yi ta hanyar tattaunawa da masani a nan yake kamawa: a riƙa shiga abin tsoron kaɗan-kaɗan, wani lokaci a haɗa da ƙwaya.

Kalmar "ciwo" ita ke raba shi da tsarguwar yau da kullum. Gwada ta a baki: "Ba girman kai ba ne, Inna, ciwon tsarguwa ke damunsa." Ta zauna.

Mutanen Maradi da Kano, haka tsarguwa take a bakinku, ko da bambanci?