Zaman 'yan mishan na Katolika cikin matalauta

Tambaya: Jama'a, don Allah me ya sa wasu limaman Katolika da sistoci (matan da suka keɓe kansu don aikin coci) suke tarewa cikin matalauta, alhali suna iya aika taimako daga nesa?

Amsa ta farko: Ɗan'uwa, a wurinsu zaman tare shi ne aikin. Dubi Fada Damien, ɗan Beljiyam, wanda ya tare cikin kutare a tsibirin Molokai da ke Hawaii a 1873, yana wanke musu gyambo, yana haƙa kaburbura da hannunsa, har cutar ta kama shi, ya rasu a 1889.

Amsa ta biyu: Sistocin ƙungiyar da Uwa Teresa ta kafa a birnin Kalkata na Indiya a 1950 suna ɗaukar alkawari na huɗu, bayan ukun da sistoci suka saba ɗauka, na yi wa mafiya talauci hidima kyauta.

Amsa ta uku: Abin da ya fi damuna shi ne a riƙa jin ta bakin talakawan kafin a gina musu makaranta ko asibiti.