Dambun ɗanyen zogale yana caɓewa, miyar kuɓewa ta ƙi yauƙi: ina kuskuren yake?

Amaryar Bana:

Assalamu alaikum iyayen gida. Damina ta zauna, ganye ya cika kasuwa, tumatir kuwa tsadarsa ba a magana. Shi ya sa nake son in koma girki da abin da ke araha yanzu, wato ɗanyen zogale, ɗanyar kuɓewa, rama da alayyahu. Abu biyu ne suka gagare ni. Dambun tsakin masara da zogale yana fito mini a caɓe kamar fate, ga ɗaci-ɗaci. Gwangwani 4 na tsaki nake wankewa, in zuba zogalen da na wanke a kai, in turara sau ɗaya kamar minti 40. Ita kuma kuɓewa, ina soya tumatir da manja, in tsaida ruwa, in zuba ta in rufe tukunya. Sai ta fito tsululu, launinta ya mutu. A taimaka mini da gyara, Allah Ya saka da alheri.

Hajiyar Madambaci:

Wa alaikumus salam amarya. Kin ɗauki ɗanyen zogale kamar busasshe ne, shi ke nan matsalar dambunki. Busasshe shan ruwa yake yi, ɗanye kuwa fitar da ruwa yake yi. Kin haɗa jiƙaƙƙen tsaki da jiƙaƙƙen ganye kin rufe su minti 40, dole ya caɓe.

Dambu turare biyu ake yi masa. Ki rege tsakin ki wanke, ki zuba a kwando ki bar shi ya tsane kamar minti 20 zuwa 30, har ki ga in kin damƙa kin saki yana warwarewa da kansa. Ki zuba shi kaɗai a madambaci, ba ganye, ba mai. Kada ki danna shi da hannu, a sake ake zuba shi, ki ɗan tsira ramuka biyu ko uku da bayan muciya don tururi ya samu hanya. Ruwan ƙasa ya riga ya tafasa kafin ki ɗora, kuma ki bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsa da gindin madambacin, domin in yana tafasa yana taɓa tsakin, ƙasan zai zama tuwo sama na nan ɗanye. Minti 25 zuwa 30 ya isa turaren farko. Ki murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu: in ta murje amma da sauran ɗan ƙarfi a tsakiya, ki sauke.

Kafin nan kin gama da zogale. Ki zauna ki tsige ganyen tsaf, ki cire har ƙananan tsinkayen nan, su ne ke maƙale wa mutum a haƙori. Ki zuba a tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, minti 10, ki tace, ki zubar da ruwan, ɗacin a nan yake tafiya. In ya huce ki matse shi da hannu biyu har ya daina ɗiga, sannan ki warware shi a tire ya sha iska. Kada yawansa ya tsorata ki a farko, kwano cike da ɗanyen ganye in aka dafa aka matse bai fi dunƙule biyu ba, kuma kusan abin da gwangwani 4 ke buƙata ke nan.

Sai ki juye tsakin a roba mai faɗi, ki farfasa curin, ki zuba zogale, yankakkiyar albasa 2, jajjagen attaruhu 4 da tattasai 2, dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa gwangwani 1, gishiri da magi, da man gyaɗa rabin gwangwani. Ki cuɗa. In kin ji ya bushe da yawa, yayyafi za ki yi masa da hannu, ba zubawa ba. Ki mayar turare na biyu minti 15 zuwa 20. Ki soya wani ɗan man daban da albasa, a zuba a kan faranti.

Maman Tagwaye:

Hajiya ta gama da dambu, bari in taɓa kuɓewa. 'Yar uwa, tsami shi ne ke kashe yauƙi, tumatir kuma tsami ne da shi. Ki lura, masu son soya kuɓewa ba tare da santsi ba lemon tsami suke matsa mata. To ke kin dafa ta a cikin tumatir, kin kuma rufe. Rufewar ce ta ƙara kashe launin, don koren ganye ko kuɓewa in aka tsare masa tururi dusashewa yake yi.

Tun daga kasuwa ake fara miyar nan. Ki kama tsinin kuɓewar ki karya, in ya yi ƙas ya tsinke, 'yar shila ce, ki saya. In ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ta tsufa, zare ne a ciki, bar wa mai ita ya busar. Ki wanke ta tun tana ɗungurum, ki bari ta tsane, sannan ki yanke kai ki goga ko ki daka a turmi. Wanda ya yanka sannan ya wanke ya zubar da yauƙin a ruwan wanki.

Ga ƙwaya 25 matsakaita, romo kofi 3 ya isa. Ki dafa naman ko busasshen kifin da daddawa, citta, masoro da attaruhu har ya yi laushi. Ki jiƙa kanwa kamar girman ƙwayar wake a ɗan ruwa, ki tsiyaye na saman a tukunya, ki bar yashin a kofi. Romo na tafasa ki zuba kuɓewa, ki rage wuta, ki burga da maburgi. Minti 5 zuwa 7, tukunya a buɗe. Da kin ɗaga ludayi kin ga tana binsa kamar igiya, ki sauke, in ta wuce haka a wuta yauƙin tsinkewa zai yi. Manja cokali 2 kawai, shi ma a ƙarshe, mai da yawa yana danne ta. In maigida ba ya cin miya sai da ja, ki yi jar miyarki daban a ɗiga a kan tuwon.

Uwar Gida Ran Gida:

Maman Tagwaye, ban da kanwar nan duk na yarda. Kuɓewar damina da aka tsinko jiya ba ta buƙatarta, yauƙinta ya ishe ta. Kanwa tana riƙe kore, gaskiya ne, amma hannu ya ɗan zarce sai miya ta yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wasu sinadaran amfanin da ake cin ɗanyen ganye dominsu. A bar ta ga wadda ta kwana uku a kasuwa ta fara yaushi.

Amarya, tunda kin ambaci rama da alayyahu, ki gwada faten tsaki, ba sai da tumatir ba, tsamin rama ko yakuwa ya wadatar. Jeri kawai za ki kiyaye. In za ki sa wake, shi ne farko, kuma sai ya yi laushi kafin wani abu mai tsami ya shiga, in ba haka ba ya ƙanƙare ke nan ko za ki ƙarar da gas. Sai tsaki gwangwani 1 ga ruwa kamar gwangwani 6, kina juyawa kada ya kama. Bayan minti 20 ki sa dakakkiyar ɗanyar gyaɗa da ramar da kika riga kika tafasa kika zubar da ruwanta na farko. Alayyahu shi ne na ƙarshe, minti 3 ki kashe wuta. Ganyen damina akwai yashi, ki wanke a babbar roba ruwa uku, ki riƙa tsamo ganyen sama, ba tsiyaye ruwan a kansa ba.

Amaryar Bana:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah Ya ƙara sani. Hajiya, saura tambaya ɗaya. Ba ni da madambaci, kwalanda ta ƙarfe nake ɗorawa a kan tukunya. Ko ita ma tana da laifi?

Hajiyar Madambaci:

Tana yi, in an toshe ta. Ramukanta na gefe su ne ɓarayin tururi. Ki samo tukunyar da kwalandar za ta nutse a ciki har kusan baki, ki naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ko ki liƙe da ƙullun gari. A saman tsakin ki shimfiɗa farin ƙyalle kafin murfi, don gumin murfin ya sauka a kansa maimakon cikin dambu. Kada ki rufe da leda. Kuma lissafin minti yana farawa ne daga lokacin da kika ga tururi ya ɓullo ta saman tsakin, ba daga lokacin da kika ɗora ba.