Auduga: Kada A Tsaya Kan Zare Kaɗai

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a ci moriyar auduga, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a daina fitar da auduga ɗanya, domin ribar tana wurin kaɗi, saƙa da ɗinki. Sai dai masaƙa ba ta rayuwa babu tsayayyar wutar lantarki, wannan kuwa aikin gwamnati ne.

A tattaunawar an daɗe ana magana kan anguriya, kuma ta cancanta. Fiye da rabin nauyin audugar da aka tsinko ita ce: ana matse mai, tunkuzar ta zama abincin shanu. Amma akwai sinadarin gosifol a ciki, mai cutar da kaji, sai an rage shi. Karan audugar ma ana curawa ya zama makamashi.

Manomi kuma a ba shi ingantaccen iri, a faɗa masa farashi kafin shuka.